Kaskon da Ijja Ta Aika

Ni Mammas, shekarun da na yi a bakin tanderu sun fi shekarun wasu a duniya. Duk gurasar da aka ci a ƙauyenmu ta hannuna ta bi, don haka idan na ce na san kaskon kowane gida ba cika baki nake yi ba. Na san na marowata, na san na masu shafa man shanu a gefe don a ce sun zuba. Amma wanda ya tsaya mini a rai har yau shi ne na Ijja, baƙi mai murfi, da ɗan tsagu a baki, wanda ta gada a wajen uwarta.

Ijja da Tuda uwa ɗaya uba ɗaya suke, Ijja ce babba. Dukansu mazansu sun rasu, kowacce da ɗa namiji tilo: Bihi na Ijja, Iddar na Tuda. Gidajensu na kallon juna, rafi ne kawai ya raba. Kafin abin ya faru, in kana neman ɗaya to ka je gidan ɗayar. Uwarsu ta bar musu bishiyar jauz guda ɗaya, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo da ake fasawa a ci ƙwayar ciki kamar gyaɗa, tsohuwa, doguwa, a bakin kwari, kowace kaka su raba abin da ta bayar.

Kakar da zan ba ku labari, ina cikin matan da ke tsinta a ƙasa. Bihi ya hau da doguwar sanda ya kaɗe rassan da ke kusa ya sauko. Saura reshe ɗaya da ya miƙe ta kan kwarin, dam da 'ya'ya. Iddar ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce a bar wa tsuntsaye. Shi kuwa Bihi, bakinsa tun yana yaro ba shi da linzami. Ya bushe da dariya a gaban 'yan mata, ya ce ashe Halti Tuda, haka yaranmu ke kiran 'yar'uwar uwa da duk wata dattijuwa, mace ta haifa aka ɓoye musu. 'Yan matan suka yi dariya. Iddar ya karɓi sandar ya hau. Ƙarar karyewar reshen nan har yanzu ina jin ta idan ina karya itacen wuta. Da maza suka sauka kwarin suka ɗauko shi, rai ya riga ya yi halinsa.

Tuda ba ta yi kuka a gaban kowa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Bayan an yi jana'iza ta aika a kawo mata rabonta na jauz ɗin ranar. Mutane suka yi ta kallon juna, amma aka kai mata buhu guda. Ta ɗaure bakinsa da igiya ta jingine a kusurwar ɗaki, ba ci ba sayarwa. Da Ijja ta shigo ta'aziyya tana jan ƙafa, Tuda ta juya fuskarta ga bango. Ijja ta zauna har rana ta faɗi, ta tashi ta tafi ba a ce mata ci kanki ba. Bihi kuwa bai iya zaman garin ba, idon mutane ya yi masa yawa. Ya bi motar kasuwa ya sauka Kazablanka, aka ce yana dako a bakin teku.

Shekara guda cur ba wadda ta ji muryar 'yar'uwarta. Idan Ijja ta sauka rafi, Tuda ta ɗauki tulunta ko da bai cika ba. Ni ma na shiga uku, domin dole na riƙa raba musu lokacin kawo ƙullu, ɗaya da sassafe ɗaya da hantsi, kamar mai kiwon zakaru biyu. Na taɓa buɗe baki zan yi wa Tuda magana, ta dube ni da idon da ya sa na haɗiye sauran. Uwa ce aka kashe wa ɗa da wasan baki. Me zan gaya mata?

Da kaka ta zagayo, Bihi ya dawo. Ya rame, ya yi shiru, bakin nan ya mutu. Ya zo ɗaukar uwarsa ne kafin ƙanƙara ta rufe hanya, don ya ji labarin tarin da take yi, kuma babu mai ɗebo mata itace. Ya ce motar ranar kasuwa za su bi. Ijja ta zo ta same ni a bakin tanderu ta zauna a kan kututture, ta daɗe tana kallon wuta. Sai ta ce ita ba birnin take tsoro ba, ba kuma sanyin nan ba. Ta san ba ta da sauran kwana mai yawa, a jikinta take ji.

"Mammas, wa zai yi mini wanka in na mutu a can? Ni na yi wa innarmu, Tuda na zuba mini ruwa. Tun ranar muka yi alkawari, wadda ta riga, ɗayar ce za ta yi mata."

Ta ce za ta aika kasko. In Tuda ta amsa, to ko Bihi zai kwanta a ƙasa yana birgima ba inda za ta. In ba ta amsa ba, za ta hau mota.

A wajenmu ba a zuwa ban haƙuri da baki, musamman in baki ne ya yi ɓarnar. Abinci ake dafawa, a kai ƙofar mutum da asuba, a ƙwanƙwasa, a juya kafin a buɗe. Washegari kaskon zai dawo ƙofarka. In an ci, za ka same shi sakayau, da ɗan abu a ciki don kada ya dawo wayam, ko ƙwai biyu, ko gishiri, ko gutsuren sukari. Daga nan sai ka yafa mayafi ka tafi shan shayi, magana ta ƙare. In kuwa ya dawo da nauyinsa, an ƙi ka. Abincin da aka ƙi ba a buɗe shi, ba a ci, ba a ba yaro. A kwari ake juye wa karnuka.

Na tambaye ta me za ta dafa, ko da yake na sani. Safarjal ɗin innarsu, ɗan itacen nan mai kama da tuffa, mai tauri da ƙamshi. Kowace kaka tsohuwar takan gasa musu shi a cikin kaskon nan, su biyu su zauna su cinye da cokali ɗaya, har bayan sun yi aure sun haihu. Na ce mata ta yi hankali, abin nan da jauz ake yin sa, kuma ta san abin da jauz yake a gidan Tuda yanzu. Ta ce in ba jauz ba na innarsu ba ne, Tuda za ta ɗauka tsoronta ake ji. Muka yi ta ja-in-ja har na gaji. Ƙarshe na ce to aƙalla kada ta sa na bishiyar nan, na shiga ɗaki na ɗebo mata nawa.

Da rana ta kawo kayan. Safarjal ɗin bishiyar bayan gidanta ne, sun yi rawaya, ƙamshinsu ya riga ta isowa. Ta zauna ta goge gashin jikinsu da tsumma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa jariri wanka. Da aka zo yanka sai hannunta ya kasa. Wanda bai taɓa yanka ɗanyen safarjal ba bai san taurin kai ba, wuƙa sai ka hau ta da nauyinka. Na ce ta kawo in taimaka, ta ƙi, wai da hannunta za a yi ko a fasa. Na bar ta, ina kallo tana haki, tana raba su biyu-biyu, tana ƙwaƙule zuciyar da bakin cokali. Ta yanke ɗan yatsa ta tsotse ta ci gaba.

Ta jera su a kaskon, ramin yana kallon sama, ɗaya a tsakiya sauran kewaye da shi, yadda innarsu ke yi. Kowane rami ta sa man shanu, ta ɗora jauz rabi-rabi, ta barbaɗa kirfa, sannan ta tsiyaya zuma. Zumar nan ta ɓoye ta ne tun rani, baƙa, ta kan dutse, wadda ko mura ta kama ta ba ta yarda ta taɓa ba. Na ce mata wannan jauz manya-manya haka, ita da ba ta da haƙori ko ɗaya a baki, ko an kira ta ci da me za ta tauna? Ta yi dariya, dariyar farko da na ji daga gare ta a shekarar. Ta ce ai ba don ita aka yi ba, Tuda haƙoranta kamar na alfadari, ita ta fi son ta ji yana ƙaras-ƙaras.

Ta zuba ruwa kaɗan a gindi, muka rufe, na liƙe bakin murfin da ƙullu. Sai da na fitar da gurasar ƙarshe, wuta ta mutu ta koma toka mai zafi, sannan na tura kaskon can ƙurya na toshe bakin tanderun. Safarjal ba ya son gaggawa. In ka ba shi wuta mai ƙarfi zai nuna, amma fari zai fito, da sauran bauri a harshe. In ka bar shi a tanderuna ya kwana a hankali, da kansa yake juyewa ya yi ja kamar lalle ya kama, zumar ta shige shi har ciki. Duk ƙauyen babu murhun da ke iya wannan, kuma kowa ya sani.

Da asuba ta zo. Na fasa ƙullun na ɗaga murfin don ta gani. Ban taɓa fitar da wanda ya kai shi kyau ba, wallahi. Ta tsaya tana kallo, sannan ta rufe ta naɗe da farin ƙyalle ta ɗora a ka. Ina tsaye ina hangenta ta tsallake rafi a kan duwatsu, ta hau, ta ajiye a ƙofar Tuda, ta ƙwanƙwasa, ta juyo da sauri kamar yarinyar da ta yi sata. Ba ta kai rafi ba aka buɗe ƙofar. Hannu ya fito ya ja kaskon ciki.

Ranar Tuda ba ta kawo ƙullu ba. Ba ta sauka rafi ba. Na ga hayaƙi na fita daga ɗakin girkinta tun azahar har magariba, na ce a raina ko mene ne take dafawa haka ita kaɗai, amma aiki ya ɗauke mini hankali. Ijja kuwa ta zo wajena sau ba adadi, ta zauna ta tashi. Bihi ya ɗaure kayanta, ita ta kwance, ya sake ɗaurewa.

Washegari ce ranar kasuwa. Ina cikin fitar da gurasar farko na ji motar tana ta hon a bakin hanya. Can sai ga Ijja da baƙin mayafinta na tafiya, Bihi a bayanta da ƙunshi a kafaɗa. Da ganin tafiyarta na san amsar. Ta miƙo mini makullin gida, ta ce in kwashe kajin su zama nawa.

"Ya dawo, Mammas. Da nauyinsa ya dawo. Yana nan a zaure, ke ki zubar, ni ba zan iya ba."

Na ce ta dakata ko zuwa kasuwa mai zuwa, ta girgiza kai. Ta ce Tuda ba ta yi laifi ba, da ita ce ma ƙila haka za ta yi. Wannan maganar ta fi ƙona mini rai. Muka rungume juna, na ji ƙasusuwanta ta cikin mayafi. Bihi ya ɗaga ta ya ɗora a bayan motar tsakanin buhuna da tumaki. Ba ta waiwayi tsallaken rafi ba ko sau ɗaya, ni ce na waiwaya, na ga ƙofar Tuda a buɗe, an share gabanta tas.

Na ƙarasa gurasar mutane ina tafasa. Biyu na ƙona, na kuma zagi wadda ta yi ƙorafi. Na yi niyyar ba kwari zan kai abincin nan ba, ƙofar Tuda zan kai shi in juye mata, in gaya mata abin da shekara guda nake haɗiyewa, ko da kuwa daga ranar ba za ta ƙara yi mini magana ba. Da hantsi na buɗe gidan Ijja. Kaskon yana zaure, a naɗe da farin ƙyallensa, ɗaurin ko taɓa shi ba a yi ba. Na ɗaga, da nauyi kam. Sai dai da ɗumi a gindinsa. Abin da na fitar daga tanderu tun jiya da asuba, a wannan sanyin, ina zai samo ɗumi?

Na san ba a buɗewa. Na buɗe.

Safarjal ne, a jere, ɗaya a tsakiya sauran kewaye. Amma fari ne fat, gefensa ya ɗan kama, irin na wanda aka dafa a kan murhun gida da garwashi a kan murfi. Ba nawa ba ne, bai ga tanderuna ba. Zumar fara ce ta kwari. Jauz ɗin kuwa ba rabi-rabi ba ne, an daka shi a turmi ya yi laushi kamar gari, yadda mara haƙori zai iya haɗiya.

Na zauna a ƙasan zauren. Tuda ta cinye. Ta cinye tas, sannan ta ga ƙwai biyu ko gishiri sun yi kaɗan a mayar wa yayarta. Girman kai ya hana ta kawo mini in gasa, kada gari ya ji kafin Ijja ta ji, sai ta wuni a bakin murhu tana yin na innarsu da hannunta, ta bar shi ya kwana a kan garwashi. Ita kuma Ijja ta sunkuya da asuba, ta ji nauyi, ta ajiye.

Na fita da gudu zuwa bakin hanya, ni da tsufana, kamar akwai abin da zan tarar. Ko ƙurar motar babu. Na dawo na ɗauki kaskon na tsallake rafi.

Tuda na zaune a tsakar gida a kan sabuwar shimfiɗa. Ta sa rigarta ta salla, ta cire baƙin ɗankwalin da ta shekara da shi. Butar shayi na kan garwashi, ga na'a-na'a an wanke, ga kofi biyu a kan faranti, da cokali ɗaya. Ta ƙofar ɗaki na hango buhun nan na kusurwa, igiyarsa a kwance, ɓawon jauz a zube gaban turmi. Da ta ji motsi ta miƙe da sauri tana gyara ɗankwali. Sai ta ga ni ce. Sai ta ga abin da ke hannuna.

"Yayata, Lalla Ijja, ba ta ci ba?"

"Ba ta buɗe ba, Tuda. Nauyi ta ji."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Na ga lokacin da ta gane, domin hannunta ya tafi bakinta. Ta tambaye ni ina take, na ce ta bi mota. Ta fita ba takalmi, ta hau tudun bayan gidanta inda ake hango hanya tana sauka, ta tsaya tana kiran yayarta da sunan da take kiran ta tun suna yara. Kukan da ba ta yi wa Iddar a gaban mutane ba, ranar ta yi shi, duk ƙauyen ya ji. Ni na sauke butar daga wuta don ta ƙafe.

Mun yi abin da za mu iya. Kasuwa ta gaba muka tare direban, muka ba shi saƙo, Tuda ta haɗa masa da kaza. Ya ce shi iyakarsa garin da ake canza mota, Kazablanka kuma ba ƙauyenmu ba ne da za ka tsaya ka ce ina gidan Bihi mai dako. Ya dai ce zai gaya wa wani ya gaya wa wani. Tuda ta ce da kanta za ta je, ta sayar da akuyarta, ta shirya ƙunshi. Kafin motar ta sake zuwa ƙanƙara ta sauko, da wuri fiye da kowace shekara, ta rufe hanya ruf. Muka zauna. Duk lokacin sanyin nan Tuda ita ke tsallaka rafi ta kankare ƙanƙarar rufin gidan Ijja, kada ya rufta kafin mai gida ta dawo.

Da hanya ta buɗe, motar farko ta kawo Bihi shi kaɗai. Wajena ya fara zuwa karɓar makulli. Ya ce Halti Mammas, inna ta rasu tun tsakiyar sanyi, tarin ne. Saƙo kuwa babu wanda ya kai musu. Ban san yadda aka yi Tuda ta ji ba, sai ganinta muka yi a bakin tanderu, hannunta duk ƙullu. Bihi ya sunkuyar da kai, ya ja baya kamar za a doke shi. Tun ranar da ɗanta ya faɗo ba ta dube shi ba. Ranar ta matso har gabansa.

"Wa ya yi mata wanka?"

"Wasu mata ne na unguwar, Halti. Ban san sunansu ba."

Sannan ta tambaye shi ko ta ambace ta kafin ta cika. Na yi ta yi masa alama da ido ya yi mata ƙarya, ko wace iri ce, amma Bihi ya daina wasa da baki, gaskiya kawai ta rage masa.

"Ta ce kada in aiko miki. Ta ce kin sha wahalarmu ya isa, kada a sake damun ki."

Tuda ta gyaɗa kai, ta goge hannunta a zane, ta juya ta sauka rafi. Gurasarta ta ranar ba ta dawo ta karɓa ba, ni na kai mata da yamma. Kaskon yana wajena a kan katangar tanderu, na wanke shi na kife. Na gaya mata sau biyu ta zo ta ɗauka, ai gadon innarsu ne, yanzu nata ne ita kaɗai. Ta ce in bar shi a nan.